Tarihin Gangara ta Damargu

Yau za mu nufi arewacin Damagaram, ƙasar Damargu, mu ziyarci wani gari da ake kira Gangara. Akwai wata Gangara a jahar Maraɗi, wajen Gazawa. Ba ita muke nufi ba. Tamu ita ce ta gundumar Tanut.

Za mu duba abu uku. Yaya ƙasar take? Daga ina mutanenta suka fito? Su nawa ne? In kun bi labarin a hankali, za ku ga amsar tambayoyin nan duka tana wuri guda, wato cikin rumbun hatsi.

Inda Gangara take

In mutum ya tashi daga birnin Damagaram ya kama hanyar Agadas, zai wuce Bakin Birji, ya wuce Sabon Kafi, sannan ya isa Tanut. Gangara tana yamma da wannan hanya, kudu maso yamma da Tanut. In ka ƙara yin yamma, sai ka faɗa ƙasar Tarka, inda Belbeji take. Maƙwabtan Gangara su ne Tanut, da Olelewa, da Falanko, da Tarka.

Damargu fili ce mai faɗi. Babu manyan duwatsu kamar na Abzin. Babu gulbi mai gudu rani da damina. Akwai jigawa, akwai ƴan tuddai masu tsakuwa, akwai kwari mai laka inda ruwa ke kwanciya. A jigawa ake shuka hatsi da wake. A laka ake shuka dawa. Itatuwan wurin masu jure ƙishirwa ne: aduwa, da magariya, da bagaruwa, da farar ƙaya, da anza. Ciyawar da ta fi yawa ita ce ƙarangiya, wadda kowa ya san ƙaiƙayinta.

Damina gajera ce, wata uku ko ƙasa da haka. Ma'aikatan gona suna auna ruwan sama da milimita. A wannan yanki, ruwan shekara yakan kama daga milimita 200 zuwa 400. Ga yadda za mu gane wannan lissafi: da a ce duk ruwan damina zai tsaya bisa ƙasa, bai nutse ba, bai ƙafe ba, to, ba zai kai gwiwar mutum ba. Mutanen Gaya, can kudu bakin kogin Kwara, suna samun fiye da ninki biyu na haka.

Ruwan ƙasa kuma yana da nisa. Rijiyoyin Damargu sun yi suna wajen zurfi. Akwai wadda sai an saki igiya gaba 40 ko 50 kafin guga ya taɓa ruwa. Shi ya sa ake sa raƙumi, ko sa, ko jakai su ja. Da damina tabkuna suna cika, mutane da dabbobi su huta. Da rani kuwa, sai kowa ya koma bakin rijiya.

To, ga babban abin lura. Kudu da Damargu ƙasar noma ce. Arewa da ita daji ne na kiwo, har zuwa Agadas. Damargu ce gona ta ƙarshe ga mai zuwa arewa, ita ce kuma rumbu na farko ga mai fitowa daga hamada. Wannan matsayi shi ya rubuta tarihin Gangara.

Su wa suka fara zama?

Mutanen da suka fi daɗewa suna noma a Damargu su ne Dagirawa. Dangin Barebari ne, harshensu kuma reshe ne na Barbarci. Daga gabas suka fito, wajen duwatsun Kutus, suna farauta, suna noma. A lokacin dajin cike yake da namun dawa. Akwai barewa, akwai jimina, har da raƙumin dawa.

Hausawa kuma daga kudu suka riƙa hawowa. Wasu neman gona ya kawo su. Wasu fatauci. Wasu kuma gudun yaƙi, musamman bayan jihadin da ya tashi a ƙasar Hausa a shekarar 1804, lokacin da garuruwa da yawa suka watse. Mutum ya ɗauki iyalinsa da irin shukarsa, ya shiga daji inda dawakin sarki ba su cika kaiwa ba.

Yawancin garuruwan bakin daji haka suka fara. Maharbi ya ga wuri mai kyau kusa da tabki, ya kafa bukka. Ya yi sassabe, ya shuka, ya ga ƙasar ta karɓa. Sai ya koma ya kira ƴan'uwansa. A haɗu a gina rijiya. In rijiya ta ba da ruwa, gari ya kafu. In ta ƙi, a yi gaba.

Daga arewa kuma Abzinawa suka zo da raƙumansu. Wasu suna zuwa su koma. Wasu suka zauna, suka kafa ƙauyukan noma. Nan akwai maganar da bai kamata a ɓoye ba. Ba kowa ya zo Damargu da son ransa ba. Da yawa daga cikin masu noma a waɗannan ƙauyuka bayi ne da aka kamo a yaƙi, ko aka saya a kasuwannin kudu. Guminsu yana cikin hatsin da ya ba Damargu suna. Yau jikokinsu ƴan ƙasa ne kamar kowa, kuma tun shekarar 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum babban laifi.

Daga baya Fulani suka iso da shanunsu, suna bin ciyawa da tabkuna.

Sunayen garuruwa ma suna ba da wannan labari. Gangara da Bakin Birji da Sabon Kafi sunayen Hausa ne. Tanut kuwa kalmar Abzinawa ce, ma'anarta ƙaramar rijiya. Akwai kuma ƙauyuka masu sunan Barbarci. Ku dubi Sabon Kafi. Kafi shi ne shingen itace da ƙaya da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Sunan kaɗai ya isa ya gaya mana cewa mutanen da ba su yi barci da ido biyu rufe ba.

Rumbun Abzin

Mutanen Abzin suna da raƙuma, suna da garake da dabino, amma hatsin da suke nomawa ba ya isar su. Mutanen Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, amma hatsi ba ya yi a ƙasarsu. Mutanen Damargu kuwa suna da hatsi, ba su da gishiri. Kowa yana da abin da ɗan'uwansa yake bukata.

Ga yadda abin ke tafiya. Bayan damina, ayarin Abzinawa ya ratsa hamadar Tenere da hatsi, ya kai Bilma. A can a musanya shi da gishiri, kantu da beza, da dabino. Ayari ya komo Abzin, ya huta, sannan ya gangaro kudu lokacin ɗari. Sa'ad da zai iso Damargu an gama girbi, rumbuna sun cika. Raƙuma su shiga gonaki su ci kara da harawa, su bar taki. Manomi ya sami gishiri, gonarsa ta sami ƙarfi. Ba'abzine ya sami hatsi. Daga nan ayari ya wuce Damagaram, ko Tasawa, ko Katsina, har Kano.

Abzinawan da suka fi riƙe wannan hanya su ne Kel Ewe. Suna da ƙauyuka da rumbuna a Damargu. A watan Janairu na 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Bart, wanda ake kira Abdul Karim, ya biyo ayarin gishirinsu daga Abzin. Madugunsu wani dattijo ne mai suna Annur. Suka sauka a ƙauyensa na Tagelel, cikin Damargu. Bart ya rubuta abin da ya gani. Bayan doguwar tafiya cikin daji, ya ga gonaki, da bukkoki, da rumbuna jere. Ya gane cewa wannan ƙasa ce take ciyar da Abzin.

Ba hatsi kaɗai ke fita ba. Ana tara gashin jimina da fatu. Wasu gidaje har kiwon jimina suke yi, suna fige gashinta. Fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus su saya, su ratsa hamada da shi, ya ƙetare teku, ya je ya zama adon hular matan Turai. Ku duba fa! Tsuntsun da aka yi kiwo a bayan ɗaki a Damargu, gashinsa ya kai Faransa da Ingila.

Amma inda arziki yake, nan ido yake. Damargu ba ta da sarki guda mai mulkin kowa, kamar yadda Damagaram take da nata, Agadas take da nata. Kowane gari yana neman mai tsare shi. Wasu Abzinawa da ake kira Imuzurag sun zauna cikin ƙasar, tsakanin manoma. Su ne mayaƙan Damargu. Suna kare garuruwa daga hari, su kuma manoma suna ba su hatsi kowace shekara. Haraji ne mai nauyi, amma wanda ya ƙi biya ba shi da mai tare masa mahara. Tsakanin Imuzurag da Kel Ewe kuwa akwai gaba, don kowa yana son hanyar ayari ta zama a hannunsa.

Zuwan Nasara

A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram. Ba a daɗe ba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A wannan shekarar kuma wata rundunar da ta fito daga Aljeriya ta gama ratsa hamada. Shugabanninta su ne Furo da kwamanda Lami. Sun sha wuya ƙwarai a Abzin, raƙumansu sun mutu, abincinsu ya ƙare. Suka bar Agadas ran 17 ga Oktoba, suka ratsa dajin da babu gona. A ƙarshen watan suka sauka Gangara. Daga nan suka bi ta Sabon Kafi, suka shiga Damagaram ran 2 ga Nuwamba. Wannan ya nuna mana cewa a 1899 Gangara ta riga ta zama gari sananne, zangon matafiya a kan hanyar Agadas.

Nasara suka ga cewa wanda ya riƙe rumbunan Damargu ya riƙe cikin Abzin. Suka kuma tarar da gaba tsakanin Abzinawa, suka yi amfani da ita. Suka ja Kel Ewe a jiki. A 1900 aka gwabza a Tanamari, aka ci Imuzurag, waɗanda shugabansu shi ne Musa. A 1901 Nasara suka kafa barikin soja a Jajiduna. Abzinawa da yawa suka ƙi zama ƙarƙashinsu, suka yi ƙaura gabas, wajen Kanem. Cikin waɗanda suka bar ƙasar a wannan zamani har da wani saurayi haifaffen Damargu, daga ƙabilar Ikazkazan, mai suna Kawsan. Shi ne ya dawo a ƙarshen 1916 ya kewaye barikin Nasara a Agadas, har zuwa watan Maris na 1917.

A 1915 aka ɗauke bariki daga Jajiduna aka kai Tanut. Tun daga nan Tanut ta zama babban garin Damargu. Nasara suka raba ƙasar kanto-kanto, Gangara ta zama mazaunin sarkin kanto. Harin mahara ya ragu, mutane suka fita daga kafi suka bazu cikin daji, sababbin ƙauyuka suka yi yawa. Amma wani nauyin ya maye gurbin wani. Ga haraji da kuɗi. Ga aikin tilas. Ga ƙwace raƙuma da hatsi don soja.

Fataucin hamada kuma ya mutu. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga bakin teku. Kayan da raƙumi ke ɗauka wata da watanni, jirgi ya kawo su cikin kwanaki. Matan Turai kuma suka daina yayin gashin jimina. Fataken Tarabulus suka daina zuwa. Ayarin gishiri ne kaɗai ya rage, don har gobe dabba tana son gishirin Bilma.

Shekarun yunwa

Mun ce ruwan Damargu kaɗan ne. In ya ragu ko da ɗan kaɗan, sai gona ta ƙone. A 1913 damina ta ƙi, a 1914 aka yi yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Mutane da yawa suka mutu, wasu suka gudu kudu ba su dawo ba.

Daga baya aka yi shekaru masu albarka, musamman daga 1950 zuwa wajen 1965. Ruwa ya wadata, manoma suka yi ta tura gonaki arewa, cikin makiyaya. Gwamnatin Nijar, shekara guda bayan samun ƴancin kai, ta ga rigima na tafe. A watan Mayu na 1961 ta kafa dokar da ta ja iyakar noma. Kudu da layin, noma. Arewa da shi, kiwo. Layin nan ya bi ta arewacin Damargu.

Sai fari ya dawo. A 1973 da 1974 shanu da tumaki suka yi ta faɗuwa. A 1984 abin ya fi muni, gonaki da yawa ko kara ba su yi ba. Mata suka shiga daji suna tsinko ƴaƴan anza, su jiƙa su kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su dafa dilo. Wasu suka sussuka ƙarangiya. Ƙauyuka suka zama kango, mutane suka nufi Damagaram, da Kano, da Arlit, wasu har Libiya. A 2004 fara ta sauka, ruwa kuma ya yanke da wuri, 2005 ta zo da wahala. A 2010 ma an taɓa.

Ƙasar da ta ciyar da Abzin, sai ga ta tana jiran motar taimako. Wannan abu ya yi wa dattawan Damargu ciwo ƙwarai. Amma duk lokacin da ruwa ya sauka, mutane suna komowa. Mai gona ba ya mance gonarsa.

Mutum nawa ne?

A 2002 aka raba Nijar kwamin-kwamin, Gangara ta zama kwamin ta karkara. A 2004 aka yi zaɓen ƴan majalisarta na farko. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut, ta zama gunduma mai zaman kanta. Gangara ta ci gaba da zama cikin gundumar Tanut, tare da Olelewa, da Falanko, da Tenhiya.

A ƙidayar 2012 an sami mutum 112,967 a kwamin ɗin Gangara. Mu karanta lambar tare: dubu ɗari da goma sha biyu, da ɗari tara da sittin da bakwai. Wannan ba na cikin gari kaɗai ba ne. Garin kansa ƙarami ne. Mafi yawan mutanen suna ƙauyuka, da tungaye, da rugage. A shekarar, gundumar Tanut duka tana da mutum 429,150. Wato cikin kowane mutum 4 na gundumar, 1 na Gangara ne. Gundumar Belbeji kuma tana da 96,452.

Akwai Hausawa, da Dagirawa, da Abzinawa, da Fulani. Auratayya ta haɗa da yawansu. Za ka ga gidan da kaka Badagira ce, kakan Ba'abzine, jikoki kuma Hausa suke yi. A kasuwa Hausa ce ke haɗa kowa.

Yanzu mu dubi ƙasa baki ɗaya, don mu gane inda aka dosa. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A 1988 sun wuce miliyan 7. A 2001 sun kai miliyan 11. A 2012 sun wuce miliyan 17. Cikin shekara 35, jama'a ta ninka fiye da sau uku. Karkarar Damargu ma haka ta ƙaru. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, ƴaƴa biyar suka raba. Ta ƴaƴan kuma jikoki za su raba. A da ana barin gona ta huta shekara da shekaru. Yanzu saura ta yi wuya. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa.

An sami sababbin abubuwa. Akwai makarantu, da gidajen likita, da rijiyoyin burtsatse. Mota ta karɓi yawancin kayan raƙumi. A 2011 aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ kusa da Bakin Birji, cikin kwamin ɗin Olelewa, maƙwabciyar Gangara. Samari suna zuwa cin rani su aiko da kuɗi ta wayar salula. Duk da haka, in ka tambayi magidanci a Gangara yaya shekara, ba zai dubi komai ba sai rumbunsa.

Abin da tarihin ya bar mana

Jama'a, mun ga ba ƙabila ɗaya ta gina Damargu ba. Maharbi ya gano wuri. Manomi ya sare daji. Mai raƙumi ya kawo gishiri da kasuwa. Mai shanu ya kawo nono da taki. Bawa ya zuba gumi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun kuma ga lokacin da ƙasar ta yi albarka shi ne lokacin da gona da garke suka amfani juna. Raƙumi ya ci kara, gona ta ci taki. Lokacin da gaba ta shiga tsakanin masu ƙasa kuwa, baƙo ya zo ya same su a rabe, ya ci su.

Yau wuri ya matse. Manomi yana ganin burtali kamar gonar da aka bari banza. Makiyayi yana ganin gona ta toshe masa hanyar tabki. Kara da harawa da ake bari a da, yanzu ana kwashewa a sayar. Nan ne faɗa ke farawa, wani lokaci har a rasa rai saboda zangarniya goma. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tsare burtali, da makiyaya, da hakkin shan ruwa a rijiya. Akwai kuma kwamitocin kula da filaye, inda ake rubuta iyakar gona da shaidu. Wanda ya iya karatu, ya karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Ƙasar ma tana son a rama mata. A kudancin Damagaram da Maraɗi manoma sun koyi sassaben zamani. In itace ya tsiro a gona, ba a tumɓuke shi. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Cikin ƴan shekaru gona ta sami inuwa, iska ta daina binne shuka, dabba ta sami ganye, uwargida ta sami itacen girki. Aduwa da magariya da bagaruwa na Damargu ma suna tsirowa daga kututture, in an bar su.

Kakannin mutanen Gangara sun gina rijiya mai gaba 40 da hannu, babu inji, babu siminti. Sun yi haka ne don sun san ƴaƴansu za su sha. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunan Damargu, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.